Kundin aikin gansakuka: daga dutsen Shafa zuwa ɗakin gwaji

6 ga Oktoba 2024, Jidda

Yau Duktur, malamin da ke duba bincikena, ya sa hannu a takardar aikina, saura farawa. Tambayar da zan bi gajeriya ce a baki: a lokacin da tsirrai suka fara barin ruwa suka zauna a tudu, da waɗanne kayan aiki suka fito, kuma a ina suka samo su? Kayan aikin da nake nufi su ne enzayim, wato irin furotin ɗin nan da ke cikin kowace ƙwayar halitta, masu kama wani sinadari su juya shi ya koma wani kafin ƙiftawar ido. Ba don su ba, da abincin da muka ci bai narke ba, da ganye bai iya haɗa sukari daga hasken rana ba.

Biyu na ɗauka daga cikinsu, PAL da CHS. Zan bi salsalarsu a kwamfuta, sannan in nemo gansakukar duwatsun ƙasar nan in ga yadda suke aiki a jikinta.

Saboda Inna nake rubuta kundin nan da Hausa. Duk Alhamis da na sauka Makka sai ta ce, "Ke wai me kike yi can tun safe har dare?" A gida Hausa muke yi, a makaranta Larabci, takardun binciken kuma duk Turanci ne, sai in rasa da wane baki zan ba ta amsa. To, zan riƙa rubutawa, in karanta mata.

21 ga Oktoba 2024

Mako biyu ina karatu, kuma na ci karo da abin da ya hana ni barci. Na taso ina jin cewa duk wani tsohon tarihin tsirrai a Turai yake, musamman dutsen Raini da ke Sikotilan, inda aka samu ƙananan tsirrai na kimanin shekara miliyan 407 sun daskare cikin dutse har ana iya ƙirga ƙwayoyin jikinsu. Ashe ɗaya daga cikin shaidu mafi tsufa a duniya a ƙarƙashin ƙafafunmu yake.

A 1996 Paul Strother da Said Al-Hajri da Alfred Traverse suka ba da rahoton ƙurar irin tsirrai da aka ciro daga wani shimfiɗen dutse da ake kira Hanadir, cikin jerin duwatsun Ƙasim. Shekarunsa sun haura miliyan 460. A 2009 kuma Philippe Steemans da abokan aikinsa suka sake samun wata ƙurar a duwatsun Saudiyya, mai tsaga uku a fuska kamar harafin Y, irin wadda ake gani a tsirrai masu jijiyar jan ruwa. A tsakani, a 2003, Charles Wellman da mutanensa sun samu gutsattsarin jakar da ke ɗauke da ƙura irin ta Hanadir a maƙwabciyarmu Oman. Wadda ta ɗara ta Hanadir tsufa kaɗan ita ce ta Ajantina, kimanin shekara miliyan 470.

A wancan zamanin yankin Larabawa manne yake da Afirka a cikin babbar nahiyar Gwanduwana, can kudu inda ake sanyi, kuma inda Ƙasim take a yau teku ne marar zurfi. Ruwa da iska ne suka kwaso ƙurar daga gaɓa suka zuba cikin laka, lakar ta zama dutse.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ake ciro ta. Ana jiƙa dutsen da asid mai ƙarfin da ke narkar da gilashi. Dutsen ya narke, ƙurar ta saura. Bawonta an yi shi da wani sinadari, sifuropolenin, wanda ba ya jin fari, ba ya jin rana, ba ya jin asid. Kuma enzayim ne suke saƙa shi, ɗaya daga cikinsu ma ɗan gidan su CHS ne. Shi enzayim ba ya zama dutse, yana ruɓewa kamar nama. Sai dai aikin hannunsa ya saura, kamar yadda ake tsintar tsohon kasko a kufai a gane an taɓa yin maginin tukwane a wurin.

9 ga Nuwamba 2024

Bari in shimfiɗa hanyar, don duk abin da zai biyo baya a kanta ya rataya.

Tsiron da ke cikin ruwa yana cikin rufin asiri. Ruwa ya tallafe shi, ruwa ya tace masa zafin rana, ba ya jin ƙishi. Ranar da ya hau tudu abubuwa uku suka taso masa: bushewa, nauyin jikinsa, da wani ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani amma yake ƙona ƙwayar gado, wanda ake kira UV. Babban kaso na maganin waɗannan ukun daga ƙofa ɗaya yake fitowa, kuma PAL ne mai tsaron ƙofar. Yana kama wani amino asid, wato ɗaya daga cikin tubalan ginin furotin, mai suna fenilalanin, ya cire masa amoniya, ya mai da shi asid ɗin sinamik, sinadarin da ya samo suna daga kirfa. Enzayim biyu na gaba, C4H da 4CL, su gyara shi. Daga nan hanya ta rabu. Wani reshe ya tafi ga liginin, abin da ke sa itace ya yi tauri ya tsaya da kansa. Wani ya tafi ga CHS, wanda ke ɗaukar guda ɗaya na wannan sinadari ya ɗinka masa gutsure uku na wani sinadari mai suna malonil, ya naɗe su su zama zobe. Wannan zoben shi ne uwar dukkan filabonoyid, su ne lemar da ganye ke karewa da ita daga UV, daga cikinsu ne kuma jan zoɓo ya fito.

Na shiga aikin da tunanin cewa waɗannan sabbin kaya ne da aka ƙera don zaman tudu. Da na jera su a kwamfuta, amino asid bisa amino asid, sai tunanin ya fara rushewa. Zuciyar CHS amino asid uku ce, sistin da histidin da asfarajin, kuma a daidai waɗannan gurabe ake samun su a wani tsohon enzayim da bakteriya ke fara haɗa kitse da shi. Naɗin jikinsu ma iri ɗaya ne. Shi kuwa PAL ɗan'uwan wani enzayim ne mai cire amoniya daga histidin, wanda har a hantar mutum akwai shi. Dukansu biyu suna naɗe amino asid uku na jikinsu, alanin da serin da gilaisin, su zama ƙugiyar da suke aiki da ita.

Na sauko da jerin ƙwayoyin gado na tsirran tudu da gansakukar ruwa waɗanda aka riga aka karanta: Physcomitrium patens na 2008, Selaginella na 2011, Klebsormidium na 2014, Marchantia polymorpha na 2017, Chara braunii na 2018, da Anthoceros na 2020. Kwamfutata ta kwana biyu tana lissafi, fankarta na kuka. Bishiyar nasabar da ta fito ta tattara PAL na tsirrai a gida ɗaya, na fangas kuma, wato dangin funfuna da naman kaza, suna maƙwabtaka da su.

Wannan maƙwabtakar ce ta sa Giovanni Emiliani da abokansa suka ce a 2009 ƙila kakan tsirran tudu aron PAL ya yi daga bakteriyar ƙasa ko daga fangas. Bayan shekara takwas Jan de Vries da mutanensa suka nuna akwai mai kama da shi a Klebsormidium, wadda gansakukar ruwa ce da ta rabu da zuriyar tsirran tudu tun kafin hawa tudun. Ke nan ko da aro ne, an yi shi da daɗewa. Ni dai zuciyata ta fi kwanciya da wannan. Wanda zai yi ƙaura ba ya jira sai ya isa sannan ya nemi tukunya.

14 ga Disamba 2024, Shafa

An yi ruwa a tsaunukan Ɗa'if makon jiya, don haka na roƙi Yaya ya kai ni. Bayan asuba muka bar Makka ta hanyar Hada. Birai na zaune a kan shingen titi suna jiran wanda zai jefa musu burodi. Da muka wuce Ɗa'if muka hau Shafa, sama da mita 2,000, hazo ya rufe mu har sai da Yaya ya kunna fitila.

Awa biyu muna yawo tsakanin itatuwan ar'ar ban ga komai ba, sai gansakuka mai gashi-gashi a jikin itace, ba ita nake nema ba. Yaya ya ce, "Ƙanwata, ki faɗa mini kamanninta, ido huɗu ya fi biyu." Na ce kamar ɗan tsinken ganye ne a shimfiɗe, ba saiwa, ba kara, yana rabuwa biyu-biyu. Shi ya gano ta. A wani tsagin dutse da ke fuskantar arewa, inda rana ba ta shiga, ya nuna wasu baƙaƙen zare a kwance kan 'yar ƙasa, ya ce, "Wannan dai ta mutu."

Na durƙusa, na ɗiga mata ruwa daga gorar da muke sha. Muka zauna muna kallo. Kafin mu gama shayin da ke cikin filas ɗin, zaren ya fara warwarewa daga gefe, a hankali, kamar tabarmar da aka naɗe ana buɗe ta. Cikinsa kore ne shar, mai ɗan toka-toka. Baƙin da muka gani bayanta ne: idan fari ya zo sai ta naɗe kanta, ta juyo da ɓawon ƙasanta mai launin shuni mai duhu ya rufe koren. Yaya ya yi shiru, can ya ce, "Subhanallahi." Ni ma ban iya ƙara komai ba. Launin nan da ta rufa da shi daga hanyar PAL ya fito. Abin da na yi wata biyu ina kallo a matsayin haruffa a allo, ga shi a tafin hannuna da damshin dutse a jikinsa.

Da takardar izini muka zo, kuma kaɗan na ɗiba, daga wurare uku, ko'ina na bar fiye da abin da na ɗauka. Waɗannan halittu a shekara ɗan kaɗan suke ƙaruwa.

8 ga Janairu 2025

Gwajin ƙwayar gado ya tabbatar gansakukar da na ɗebo Plagiochasma ce. Na ji daɗi, don masu bincike a Sin sun yi aiki sosai a kan enzayim ɗin wata 'yar'uwarta, ina da abin kwatantawa.

Daka ta nake yi a ƙaramin turmin tangaran, da ruwan naitirojin yana tafasa yana hayaƙi har ta zama gari. Sau uku ruwan da na tace yana komawa ruwan ƙasa kamar yankakken dankali da aka bari a iska, sinadaran da nake nema su ne suke ɓata mini aikin. Da na ƙara garin PVPP, wanda ke kama su, na kuma yi komai a kan ƙanƙara, sai ya tsaya fari. Na zuba fenilalanin, na sa a na'urar auna haske a kan nanomita 290, inda asid ɗin sinamik ke shan haske. Layin ya hau. PAL ɗinta na aiki.

12 ga Fabrairu 2025

Mako mai nauyi. Guntun ƙwayar gadon da na yi wata guda ina fama in kwafo, na aika aka karanta, sakamako ya dawo ranar Lahadi. PAL ne, amma ba nata ba. Na fangas ne.

Na fita na zauna a matakala na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Kuɗin sinadaran ba kaɗan ba ne, kuma lokaci na tafiya. Da na shiga wurin Duktur ban ma iya ɗaga kai ba. Ya duba takardar ya daɗe, sannan ya ce in yanko tsakiyar jikin gansakukar siriri, in rina, in duba a madubi. Na yi. Ga zaren fangas nan sun ratsa cikin ƙwayoyinta ta wajen ƙasa, wasu sun yi rassa kamar ƙaramar bishiya a cikin ƙwaya guda.

Na san wannan a karatu. Yawancin irin wannan gansakuka suna zaune da fangas a jikinsu, shi ya jawo musu fosfaras daga ƙasa, su ba shi sukari, kuma an ga irin wannan zama a tsirran dutsen Raini. Amma sani daban, gani daban. Ko wanda na gani a madubi ne ya ba ni jerin, ko wani baƙo da ke manne a bayanta, darasin ɗaya ne: abin da na daka a turmi ba halitta ɗaya ba ce, gida ne da mutanensa. Hakan na nufin layin da ya hau a watan jiya ma sai na sake shi, don ba zan rantse cewa duk aikin nata ne ba.

Yanzu na gane dalilin da ya sa masu wannan fanni suke taka-tsantsan da maganar aro. Kafin ka ce wata halitta ta karɓi ƙwayar gado daga wata, sai ka nuna ƙwayar tana zaune a tsakiyar jerin mai gidan, da maƙwabta na tsiro hagu da dama. An yi irin wannan aikin a 2019, lokacin da aka karanta Spirogloea da Mesotaenium, 'yan dangin gansakukar ruwa mafi kusa da tsirran tudu, aka ce wasu ƙwayoyin gadon da ke taimakon jure fari daga bakteriyar ƙasa suka shigo. Aro yana faruwa. Amma datti a kwalba ma yana kama da aro.

16 ga Maris 2025, Makka

Azumi ya rage mini awannin ɗakin gwaji, sai na koma kan kwamfuta da daddare. Jiya Baffa ya zo shan ruwa. Inna ta dama kunun gero da tsamiya, irin wanda Kaka ta koya mata, ita kuma Kaka ta taho da shi tun daga gida, ta hanyar Sudan, shekara da shekaru a kan hanya kafin su tsallako ta Sawakin. Bayan magariba Baffa ya ce, "'Yata, an ce kina binciken ciyawa ta shekara miliyan ɗari huɗu. Wa ya gani ya ba ki labari?"

Na ce, "Baffa, ba wanda ya gani. Sawu ake bi." Na nuna masa hoton ƙurar Hanadir a waya, ƙwaya huɗu manne da juna. Na ce masa daga ƙasar Ƙasim aka ciro, inda ake kawo mana dabinon sukkari da muka buɗa baki da shi. Ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da ido, ya daɗe. Ya ce, "Ikon Allah. To, mu me zai amfana mana?"

Sai na ɗauki kofin kunun. Na ce geron nan da dawa da masara da alkama, duk dangin ciyawa, suna da wani PAL da ya fi na sauran tsirrai hannu. Bayan fenilalanin yana iya kama wani amino asid mai suna tairosin, ya tsallake mataki guda a hanya, kuma babban abin da ya bambanta shi amino asid ɗaya ne a bakin aljihun enzayim ɗin, histidin a gurbin fenilalanin. Kaso mai yawa na taurin karan dawa ta nan yake bi. Wanda ya san wannan zai iya neman irin da kararsa ba ta kwanciya in iska ta taso, ko wanda dabba za ta fi narkar da harawarsa. Baffa ya yi noma a Gadarif ta Sudan kafin ya dawo nan, ya san kwanciyar dawa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Allah Ya yi albarka, Ya ba da sa'a." Inna ta ce, "Amin. Yau dai na ji abin da take yi."

Da suka tafi tarawihi na ci gaba da karanta labarin Selaginella, wani ƙaramin tsiro mai jijiya marar fure. Akwai wani nau'in liginin da aka daɗe ana cewa na tsirrai masu fure ne. Sai ga shi a Selaginella, wadda ta rabu da su fiye da shekara miliyan 400. A 2008 Jing-Ke Weng da Clint Chapple da abokansu suka nuna cewa enzayim ɗin da take amfani da shi ba gadon kaka ɗaya ba ne da na masu fure, daga wani reshe daban na babban gidan enzayim da ake kira P450 ta ɗauko ta horar da shi. Maƙera biyu a garuruwa biyu, kowa da nasa ƙarfen, suka ƙera lauje iri ɗaya. Don haka kama a aiki ba ta isa shaidar nasaba ba, dole in sake duba rassan bishiyata da wannan idon.

19 ga Afrilu 2025, Jidda

Na koma tushe. Na yanki ƙananan kawunan gansakukar, inda take tsirowa, na wanke su da ruwan bilic mai rauni, na ɗauraye sau biyar, na ɗora a kan agar, wato jelin da ake rainon tsiro a kai, mai rabin ƙarfin abincin tsiro na B5. Yawancinsu sun yi fari sun mutu, wasu funfuna ta cinye. Faranti huɗu sun tsira. A cikinsu akwai ɗan kore da bai kai ƙwayar shinkafa ba, yana rabuwa biyu, agar ɗin da ke kewaye da shi tas. Kullum da safe su nake fara dubawa kafin in ajiye jakata.

Yayin da nake jiran su girma na gyara babi na biyu gaba ɗaya. Na cire kalmar "sabo" daga kusan ko'ina. Abin da ya ƙarasa sauya mini ra'ayi aikin Hugues Renault da abokansa ne na 2017. Physcomitrium, wata gansakukar tudu, ba ta yin liginin, amma tana da CYP98, enzayim ɗin da a manyan itatuwa yake kan hanyar liginin. Da suka kashe ƙwayar gadonsa, sai fatar kakin da ke rufe jikinta ta lalace, ganyenta suka manne da juna, ta kasa girma yadda ya kamata. Wato tun kafin a yi itace, enzayim ɗin yana nan yana aikin hana ruwa tsiyayewa, daga baya aka ɗora masa aikin tsayar da kara. Akwai kuma masu ajiye kaya a hanya: dangin Anthoceros, wata gansakukar tudun, ba a samun filabonoyid a jikinsu, da alama sun bar shi sun dogara da wasu sinadaran.

Duktur ya yarda da tsarin gwaji na gaba. Idan farantan sun cika, zan raba su biyu, rabi a ƙarƙashin fitila ta yau da kullum, rabi a ƙara musu UV na ɗan lokaci kowace rana. An riga an nuna a Marchantia, 'yar dangin Plagiochasma, cewa filabon, wani nau'in filabonoyid, na ƙaruwa da wannan haske kuma yana kare ta. Ina so in ga ko 'yar dutsen Shafa, wadda ta saba da rana mai kaifi a kan tsauni, tana kunna PAL da CHS da wuri fiye da haka, ko kuwa a kunne suke tun asali. Fitilar ta iso, sai dai na'urar auna ƙarfinta ana gyara, an ce sai mako mai zuwa.

Yaya ya kira ɗazu. Ya ce an fara ruwa a Abha, idan ina son samfuri daga dutsen Sauda, wanda ya kai kusan mita 3,000, zai samu hutu a farkon Mayu. Na ce masa ina so. Gobe zan rubuta takardar neman izini, in kuma sayo ƙarin ambulan na takarda, don na leda suna sa ta gumi ta ruɓe kafin mu sauko.